Surukata ta ce hannun kaka ya fi kujerar mota: in haƙura ne?

Tambaya: Likita, ina zaune a Gombe, ɗana na fari yana da wata huɗu. Tun kafin suna muka sayi kujerar jarirai ta mota. Matsalar ita ce duk ranar da za mu fita da mahaifiyar maigidana, sai ta ce a ciro mata "maigidanta" ta rungume shi. Tana cewa ta haifi tara ta raine su, ba wanda aka taɓa ɗaurewa a kujera, ga su nan da ransu, kuma abin da Allah ya rubuta babu kujerar da za ta tare shi. Ƙarshen wata za mu je biki Bauchi tare da ita. Ina jin nauyinta, ba na son a ce na raina ta. Kujerar nan dole ce, ko in haƙura tunda tafiyar ba nisa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi, ya shirya shi. Kada ki haƙura. A zaman surukuta akwai abubuwa da yawa da ake kawar da kai a kansu, kuma kawar da kan shi ne daidai, amma wannan ba ya cikinsu. Tafiyar ma da kike cewa ba nisa, tsakanin Gombe da Bauchi kusan kilomita 150 ne, a kan titi ɗaya da kuke rabawa da tirela da tanka da motocin haya masu sauri su juyo su ɗauki wani lodin.

Duk abin da ke cikin mota yana tafiya ne da gudun motar. Idan ta ci karo ta tsaya nan take, abin da ba a ɗaure ba ba ya tsayawa tare da ita, wucewa yake yi da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi, ko dashbod, ko gilashin gaba, ko bayan kujerar direba, ko kwalta. Karo a gudun kilomita 50 a awa, gudun da kowa ke yi daga Tumfure zuwa cikin gari bai ma ji yana gudu ba, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan lokaci jikin yaro yana fizgewa da ƙarfin da ya kai ninki 30 na nauyinsa. Jariri mai wata huɗu yakan kai kilo 6 zuwa 7. Ki ninka sau 30, kin doshi kilo 200. Babu hannun da zai riƙe wannan, ba na Hajiya ba, ba na ɗanta ba, ba na ƙaton da ke dako a kasuwa ba. Kuma abin yana ƙarewa ne cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kafin ƙwaƙwalwa ta gaya wa hannu ya ƙara ƙanƙamewa an riga an gama.

In wanda ya rungume shi bai ɗaura bel ba, jikinsa zai bi yaron ya danne shi a jikin abin da ke gaba. In kuma ya ja bel ɗin ya haɗa kansa da yaron, kamar yadda wasu iyaye mata ke yi suna ganin sun yi dabara, to ya fi muni, don nauyin babba gaba ɗaya ne zai matse cikin jaririn a jikin bel. Haka wadda ta shiga mota da goyo a baya ta zauna a bakin kujera.

Mu da ke aiki da yara a asibiti mun san yadda irin wannan haɗarin yake zuwa mana. Za ki ga babbar mace da ɗan tsagewa a goshi ko targaɗe a hannu, tana tafiya da ƙafarta, amma yaron da ke cinyarta ya bugu a ka. Abin da ba ya fita a raina shi ne maganar da suke maimaitawa a bakin ƙofa, suna kallon hannuwansu: "Wallahi ina riƙe da shi." Gaskiya suke faɗa, suna riƙe da shi. Ba na son Hajiyarku ta taɓa furta wannan kalma, kuma wannan shi ne dalilin da za ki riƙe a zuci: kujerar nan tana kare jikan, tana kuma kare kakar daga abin da ba za ta iya yafe wa kanta ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta ce kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. A aikinmu na likitanci magunguna kaɗan ne ke da irin wannan tasiri.

Na san abin da ya fi ci wa kakanni rai ba ɗaurewar ba ce kaɗai, juya yaron da ake yi yana kallon baya ne, kamar an yi fushi da shi. Dalilinsa yana wuyan yaron. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuwa ba su gama ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka ci karo, igiyoyin kujera za su riƙe kafaɗunsa, kan kuma ya fizge gaba, wuyan ne zai ɗauki nauyin duka. Idan yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin bayan kujerar, bugun ya bazu a jiki gaba ɗaya. Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan tsari a 1964 bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati a kan bayansu lokacin harba kumbo. Har yau a Suwidin yara suna kallon baya har wajen shekara huɗu. Ƙa'idar Turai ta yanzu ta wajabta shi har wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 ta ce a bar yaro a haka har sai ya wuce tsawo ko nauyin da kamfanin kujerar ya ƙayyade. Idan an ce miki ƙafafunsa sun takure, ba komai, yara suna naɗe ƙafa su zauna lafiya.

Sai maganar 'ya'ya tara. Kada ki musa mata, don gaskiya ce, kuma aiki ne da ya cancanci a jinjina mata. Amma ki tambayi maigidanki sau nawa ya shiga mota a shekara yana yaro. Yawancin yaran wancan zamani sai da Sallah, ko rashin lafiya, ko tafiya ganin dangi. Ɗanki kuwa zai shiga mota zuwa rigakafi, zuwa suna, zuwa gidan kakanni, nan gaba kaɗan kuma kullum safe da rana zuwa makaranta. Wanda ake ɗauka a mota kullum ba ɗaya yake da wanda ake ɗauka sau uku a shekara ba. Sannan zamanin Fijo 504 ba zamanin aminci ba ne a hanya. Yawan gawarwakin da ake kwasa a titi ne ya sa gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Uwar da 'ya'yanta suka tsira ita ke ba da labari a wurin biki. Wadda nata ya rasu a hanyar Jos ko ta Kaltungo ba ta ɗaga murya, an yi mata gaisuwa, an ce kwana ne ya ƙare, magana ta wuce. Shi ya sa kunnenmu ya fi jin labarin waɗanda suka tsira.

Ba kakannin Hausa kaɗai ba ne suka yi wannan tirjiya. A Amurka ma har cikin shekarun 1970 a cinya ake ɗaukar yara. Jihar Tenesi ce ta fara dokar kujerar yara, ta fara aiki a 1978, bayan wani likitan yara mai suna Robert Sanders ya matsa wa 'yan majalisa lamba. Don dokar ta samu wucewa sai da aka saka mata sassauci cewa jaririn da ke hannun babba ba laifi, wato daidai hujjar Hajiya. Cikin 'yan shekaru suka ga abin da ke samun waɗannan jarirai, suka soke sassaucin a 1981. Zuwa 1985 duk jihohin ƙasar sun yi dokar. A nan gida ma sai a 2003 aka fara tilasta wa direbobi ɗaura bel, kuma mun ga yadda manya suka yi ta ƙorafi, yau ga shi da yawansu ba sa tayar da mota sai sun ja shi. Kakannin da suka karɓi gidan sauro da rigakafi, suka haƙura da ba jariri ruwa kafin wata shida, za su iya karɓar wannan ma. Akwai kuma wani bincike da asibitin yara na Filadelfiya ya wallafa a 2011 wanda nake son iyaye matasa su sani: yaran da suka yi haɗari kakanninsu na tuƙi sun samu rauni ƙasa da waɗanda iyayensu ke tuƙi, duk da kakannin ba su kai iyayen iya ɗaure yara daidai ba. Taka-tsantsan ɗin kaka gaskiya ne. Abin da ya rage a haɗa mata shi da kujera.

Maganar ƙaddara kuwa ba wurin jayayya ba ce, kuma kada ki bari ta zama kamar ke kina gefen kujera ita tana gefen tawakkali. Dukkanmu mun yi imani babu mai wuce kwanansa. Amma Hajiya ta fi mu sanin hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara. A yi addu'ar hawa abin hawa, a ɗaure yaro, duka biyun. Kuma in an duba, ɗaure yaro ba baƙon abu ba ne a wurinta. Duk 'ya'yan nan tara, ba wanda ta taɓa ɗorawa a baya ta ce ya riƙe ta da hannunsa. Zani ta sa, ta ƙara da majanyi, ta ja ta tamke, kafin ta sunkuya kan turmi ko ta kama hanyar rijiya. Ta san tun tuni cewa hannu yana gajiya, yana kuɓucewa, ɗauri ne ke riƙe yaro. Kujerar mota majanyin mota ce, ita ce ɗaurin da aka ƙera daidai ƙarfin gudun ƙarfe.

Wa zai faɗa mata duk wannan? Ba ke ba. Wannan aikin maigidanki ne, kuma in bai ɗauke shi ba ya bar miki kayan da ba naki ba. Magana ɗaya in ta fito daga bakin suruka sai a ji raini, in ta fito daga bakin ɗa sai a ji kulawa. Kada kuma a bari sai ranar tafiya, an fito da kaya, dangi na tsaye a ƙofar gida, a ce za a karɓe yaro daga hannunta. Ko ta gamsu ba za ta sake shi a gaban mutane ba. Ya same ta tun da sauran kwanaki, ita kaɗai, bayan ya gaishe ta ya zauna. Abin da zai ce ba shi da yawa: "Hajiya, akwai abin da nake so ki taimaka mini da shi. Likita ya ja mana kunne a kan ɗaukar yaro a hannu cikin mota. Na yanke ba zan tayar da mota ba sai yana cikin kujerarsa, amma ba wanda zai zauna kusa da shi ya kula da shi kamarki." In ana so a jingina maganar da likita, a jingina, mun yarda a ɗora mana. Ranar awo ko rigakafi ma za ku iya tafiya da ita, ku roƙi ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin a gabanta.

Abin da Hajiya ke tsoro a ƙasan zuciyarta, a ganina, shi ne a ce an daina bukatarta, an maye gurbin cinyarta da roba. To a ba ta muƙami. Ta zauna a baya gefen kujerar. Yaron da ke kallon baya fuskarsa tana saitin wanda ke gefensa, ita ce za ta fi kowa ganinsa, ta riƙe ɗan yatsansa, ta goge masa baki, ta yi masa wasan nan nasu na "maigida ka ƙi ba ni kuɗin cefane". Ki koya mata ɗaure igiyar da kanta a tsakar gida, mota na tsaye, ki bar ta ta gwada har hannunta ya saba. Na ga kakannin da daga baya su ne ke tsare ƙofar mota suna cewa ba inda za a je sai an ɗaure yaro. Ita ma ta ɗaura nata bel ɗin, don babban da ke baya ba ɗauri, in an ci karo, kan na kusa da shi yake faɗawa.

Kujerar kanta sai an kafa ta daidai take aiki. Wurinta kujerar baya. Kada a taɓa sa ta a gaba inda akwai jakar iska, wato jakar da ke kumburowa daga dashbod in an ci karo, don jakar tana fashewa ne da ƙarfin da zai doki bayan kujerar daidai inda kan jariri yake. Bayan an zura bel ta hanyar da aka zana a jikinta, ko an maƙala ta a ƙarafunan ISOFIX, wato ƙananan ƙarafunan maƙala kujerar yara da ke cikin kujerar baya, in motar na da su, ki kama ta daga gindi ki girgiza. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a sake ɗaurewa. Ta ɗan kishingiɗa yadda kan yaron ba zai rinƙa faɗowa kan ƙirjinsa ba. Igiyoyin su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, su kwanta ba murɗewa. Ki ja su, sannan ki gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu: in kin iya kamo ninki, da saura. Nan ne za a ce kin matse shi. Ba ki matse shi ba, sakwarkwacewar ce ke fitar da yaro daga kujera. Kuma kada a naɗe shi cikin shawul ko tawul ko rigar sanyi mai kauri sannan a ɗaura igiya a kai, kamar yadda muke yi da hunturu, don kayan suna lotsewa lokacin bugu su bar rata. A ɗaure shi da kayansa marasa nauyi, sannan a lulluɓa shawul ɗin a sama.

In kujerar ta gwanjo ce, ki juya ta ki duba. Ya kamata ki ga takardar shaida a manne, ta Turai ruwan lemo ce da harafin E cikin da'ira, da kuma ranar da aka ƙera ta. Yawancin kamfanoni suna ba kujera shekara 6 zuwa 10, bayan nan robar ba abin dogaro ba ce, balle wadda ta sha ranar Gombe. Mai tsagewa, ko wadda igiyarta ta zare, ko makullinta ba ya yin ƙara in an danna, a bar ta. Wadda aka san ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi ita ma ta gama aiki ko da ba a ga komai a jikinta ba.

A hanya zai yi kuka, kuma a nan ne alƙawari ke warwarewa. Za a ce miki ciro shi ki ba shi nono mana, ai minti biyar ne. Kada a ciro shi mota na tafiya. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ku tashi, ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ya tashi da kuka a tsaya a cikin gari, Alkaleri ga ta nan a hanya, a fito da shi ya sha, a canza masa, ya miƙe jiki. Dama ba a so jariri ya wuce awa biyu a kujera ba hutu. Kukan da zai yi kafin a samu wurin tsayawa ba zai yi masa illa ba. Da zafin Maris da Afrilu ki taɓa ƙarfen makullin kafin ki sa shi, yana ƙona fata, ki riƙa rufe kujerar da zani in an ajiye mota a rana. Kuma ko na minti ɗaya kada a bar shi cikin mota a rufe don yana barci, jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba sau uku zuwa biyar.

Ba ki ambaci kakansa namiji ba, amma nan da shekara biyu zancen zai koma kansa. Alhaji ne zai ɗora shi a cinya a bayan sitiyari "su zaga unguwa", ko ya tsayar da shi a kujerar gaba yana riƙe da dashbod. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba, kuma a kan gaskiya take. Bayan ya girmi wannan kujerar zai koma mai kallon gaba, daga nan sai ta ƙarin tsawo wadda ke ɗaga shi har bel ɗin manya ya bi ta kafaɗarsa da ƙugunsa maimakon wuya da ciki. A Birtaniya sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 yake rabuwa da ita. In kun kafa dokar tun yana jariri, shi da kansa zai riƙa ƙin zama ba ɗauri.

Ki kuma shirya wa abu ɗaya da tafiyar biki ba ta rasa shi. Ranar tashi za a samu wata gwaggo ko ƙanwar miji da ba a lissafa da ita ba, ta fito da jakarta, sai wani ya ce a cire kujerar nan a sa a but, a riƙe yaron, wuri ya samu. Ku yanke wannan ke da maigidanki tun yanzu: wurin yaron wurin mutum guda ne cikakke, ba a ba da aronsa. In mutane sun fi wurin zama yawa, ya kai gwaggo tasha ya biya mata kuɗin Gombe Line, ku haɗu a Bauchi.